Neman shawara: koya wa kwikwiyo tsaftar gida da tallafa wa masu tsugunar da dabbobi

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin kiwon kare a kan abubuwa biyu da suke haɗe da juna. Muna zaune ne a gefen garin Jos, a unguwar da gidaje ba su yi yawa ba tukuna, kuma saboda yawan haura katanga da ake fama da shi, maigidana ya ga ya dace mu ajiye kare domin gadi. Maimakon mu saya, sai muka karɓo kwikwiyo daga wani gida inda wasu masu aikin sa-kai suke tsugunar da karnuka da magunan da aka watsar a titi. Sun ce yana da kimanin mako goma, namiji ne, irin karnukanmu na gida, kuma an tsince shi ne tare da 'yan'uwansa a cikin kwali a bakin kwata.

Matsalar ita ce duk inda fitsari ya kama shi nan yake tsugunawa. Da rana yana tsakar gida, da dare kuma saboda sanyin hunturu muna shigar da shi wani dogon lungu da ke kusa da kicin, amma kusan kullum sai mu wayi gari ya ɓata wurin, wani lokaci har bakin ƙofar falo, inda ƙaramin ɗana mai rarrafe yake yawan wasa. Wani maigadi a layinmu ya ce maganin abin shi ne a kama wuyansa a goga masa hanci a cikin ƙazantar, a tsula masa bulala, wai da haka aka horar da duk karnukan da ya sani. Hankalina bai kwanta da wannan ba, shi ya sa nake son jin ta bakin masana.

Abu na biyu shi ne mutanen da suka ba mu shi. Na ga buhun abincinsu ya kusa ƙarewa, na ga kejin da aka ɗaɗɗaure da waya saboda ƙofarsa ta karye, kuma ba su nemi ko sisi a wurinmu ba. Ƙarfinmu kaɗan ne, amma ina son mu taimaka ta hanyar da za ta amfane su da gaske. Me ya fi dacewa a kai musu?

Dattijon Bukuru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yara, ya tsare gida. Na daɗe ina kiwon karnukan gadi, kuma abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki ajiye shawarar maigadin nan a gefe. Kare ba ya haɗa hukunci da laifi sai idan tsakaninsu bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Idan ya yi fitsari da tsakar dare, aka zo da asuba aka goga masa hanci a ciki, abin da zai koya kawai shi ne hannun mutum abin tsoro ne, kuma fitsari a gaban mutum yana jawo duka. Daga nan sai ya koma laɓewa bayan kujera ya yi abinsa, idan kuma kika fitar da shi waje kika tsaya a kansa sai ya ƙi yi sam, tun da kina kallo. Karen da ya tashi da tsoron mutanen gidansu kuwa shi ne mai cizo ba gaira ba dalili, kuma wannan ba kare ba ne da za a so a gidan da akwai mai rarrafe.

Aikin dukkansa na kiyaye lokaci ne, kuma a wuyan mutanen gida yake, kamar dai yadda uwa take lura da lokacin da za ta ɗora yaro a kan fo tun kafin shi ya san yana buƙata. Kwikwiyo mai mako goma ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu, da ƙyar uku, idan idonsa biyu. Akwai lokutan da kusan tabbas ne zai yi: da zarar ya farka daga barci, da bayan ya ci ko ya sha da 'yan mintoci zuwa rabin awa, da kuma bayan ya yi guje-guje. Ni nakan ɗaura tsarin a kan lokutan salla domin kada a manta, wato a fitar da shi bayan asuba, da azahar, da la'asar, da magariba, da isha, sannan a ƙara fita ɗaya ko biyu da hantsi, da wata kafin a kwanta.

Ki zaɓi wuri guda a tsakar gida, nesa da rijiya ko tankin ruwa, nesa da wurin girki, ki zuba masa yashi. Da safe ki ɗauke shi a hannu ki kai shi can, kada ki bari ya taka da ƙafarsa, domin a hanya zai sake. Ki tsaya shiru, ban da wasa, ban da surutu, sai kalma guda da kowa a gidan zai riƙa faɗa a daidai lokacin da ya tsuguna. Yana gamawa ki yaba masa da murya mai daɗi, ki miƙa masa ɗan guntun nama ko busasshen kifi marar ƙaya, a nan take a wurin, ba sai kun koma ciki ba. Idan kika jinkirta, zai ɗauka ladan komawa ciki aka ba shi. In kuwa minti biyar ta wuce bai yi komai ba, ki mayar da shi makwancinsa, ki sake gwadawa bayan rubu'in awa.

Lungun nan da kika ambata ya yi masa girma. Ɗabi'ar kare ce ba ya son ɓata inda yake kwana, amma idan wurin dogo ne sai ya mayar da wannan ƙarshen ɗakin kwana, wancan ƙarshen kuma masai. Ki samo keji, ko ki sa kafinta ya datse lungun da katako, ya zama iya inda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Ki shimfiɗa masa tsohon bargo saboda sanyin Jos ba wasa ba ne. A wannan shekarun nasa sai wani ya tashi sau ɗaya cikin dare ya fitar da shi, kuma wannan wahalar ta 'yan makonni ce. Abinci kuma a ba shi sau uku ko huɗu a rana a ƙayyadadden lokaci, a ɗauke kwanon bayan rubu'in awa, domin wanda yake ci a kan lokaci yana kashi a kan lokaci. Idan kin ga yana shinshina ƙasa, yana zagaye wuri guda, ko ya bar wasa ba zato ya nufi lungu, to lokaci ya yi. Idan kin kama shi yana cikin yi, tafi guda ya isa ya katse shi, sai ki ɗauke shi ki kai shi wurinsa ya ƙarasa, ki kuma yaba masa a can.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Baba ya gama magana a kan horo, kuma ina tare da shi a komai sai wuri ɗaya, wato batun yashi. Akwai wani ƙuda da ake kira tumbu wanda yake zuba ƙwansa a busasshen yashin da fitsari ko kashi ya taɓa, musamman a inuwa. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda fatar dabbar da ta kwanta a wurin, ta zauna a ciki ta yi kumburi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, kuma kwiyakwiyai ne suka fi shan wahalarta. Tana shiga fatar yara ma. An fi ganinta da damina, amma tun da wurin da kika koya masa yanzu shi zai riƙe, gara ki zaɓi inda rana take bugawa sosai, ki sa tsakuwa ko ki yi daɓen siminti mai gangara da za a iya wankewa. In dole sai yashi, a riƙa kwashe wanda ya jiƙe ana sauyawa, kuma kada a bar shi ya kwanta a kai.

Kashin kuwa a kwashe shi kullum, kada ya kwana. Kusan duk kwikwiyo ana haifarsa da tsutsar ciki da ya ɗauko daga uwarsa, ƙwan tsutsar yana fita a kashi, kuma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya zama mai iya kama mutum. Ke nan kwashewa da wuri ita ce kariyar ɗanki mai rarrafe, wanda komai ya taɓa baki yake kaiwa. Ana ba kwikwiyo maganin tsutsa duk mako biyu har ya kai wata uku, sannan duk wata har ya kai wata shida, daga nan duk wata uku, kuma gwargwadon nauyinsa ake aunawa, don haka likita ne zai faɗi adadin.

Ki tambayi waɗanda suka ba ki shi ko an fara masa allura, su ba ki katinsa. Allurar haɗaka da take kare shi daga cutar fabo da sauransu ana fara ta ne tsakanin mako shida da takwas, a riƙa maimaitawa duk mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16. Fabo tana zuwa da amai da gudawa mai jini da wari, tana kashe ƙananan karnuka cikin 'yan kwanaki, ƙwayar cutar kuma tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Saboda haka kada a fita da shi titi da sunan ya yi kashi a waje kafin ya kammala allurarsa. Ta haukan kare kuma ana yin ta idan ya cika wata uku, a sabunta duk shekara. Ku da kuke Jos kun yi sa'a, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take can tun 1924, tana kusa da ku, ga kuma asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Jos. Kada a yi wasa da allurar haukan kare: Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Game da wanke inda ya ɓata, ki tuna hancinsa yana jin abin da naki ba ya ji, kuma warin tsohon fitsari shi yake kiran sa ya koma. Ki fara tsane fitsarin da tsumma, ki wanke da omo, ki ɗauraye, sannan ki zuba bilic irin su Hypo ko Jik, kashi ɗaya cikin kashi talatin na ruwa, ki bar shi minti goma ki sake ɗaurayewa. Kada a kwarara bilic kai tsaye a kan fitsari, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai shaƙe numfashi. Magungunan wanke ƙasa masu sinadarin fenol, irin su Izal, suna ƙona tafin ƙafar kwikwiyo idan ba a ɗauraye ba, ga mage kuma guba ne.

Abu biyu na ƙarshe. Kwikwiyon da yake gudawa ba ya horuwa, kuma madarar shanu da ragowar miya mai yaji suna cikin abubuwan da suka fi jawo ta. Albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata masa jini, don haka kada su shiga kwanonsa. Sannan idan kin ga yana ɗiga fitsari kaɗan-kaɗan a kai a kai, yana yunƙuri, ko da jini, wannan na asibiti ne. Wanda yake zubowa lokacin da yake murnar ganinku ko ya ji tsawa kuwa ba da saninsa ba ne, yakan wuce da kansa idan an daina yi masa hayaniya a bakin ƙofa. Yawancin kwiyakwiyai sukan kama horon sosai tsakanin wata huɗu da shida, amma wanda ya fara rayuwa a kejin da ba shi da zaɓi sai ya ɓata makwancinsa yakan ɗan fi haka daɗewa.

Almajirin Zaure ya amsa:

Hajiya, tun da gidan Musulmi ne, bari in ƙara abin da ya shafi tsarki. Hadisi ya yi rangwamen ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, kuma malamai da dama sun haɗa gadin gida a ciki idan akwai buƙata ta gaske. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne, alhali Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsananta fiye da haka. Amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, don haka a nisanta shi daga inda ake shimfiɗa sallaya. Ra'ayina shi ne kada ma a saba masa da cikin ɗakuna tun yanzu. A gina masa ɗan ɗakinsa mai rufi a tsakar gida, a toshe ɓangaren da iskar hunturu take shigowa, a yi duk horon da Baba ya faɗa daga can. Duka kuwa ba shi da mazauni. Addinin da ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa ba zai yarda a goga wa ɗan mako goma hanci a ƙazanta ba.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, sauran tambaya guda: ni da maigidana duka muna fita aiki daga safe zuwa bayan azahar, ƙaramin yana gidan kakarsa, babbar kuma tana makaranta. Yaya za a yi da shi a wannan tsakanin, tun da ba zai iya riƙewa ba?

Dattijon Bukuru ya amsa:

To, a nan kada a kulle shi a keji, domin tilasta masa ɓata makwancinsa zai rushe ɗabi'ar da muke dogaro da ita. Ki kewaye masa wani yanki na tsakar gida da ragar waya, yadda makwancinsa da ruwansa da inuwa za su kasance a gefe guda, wurin fitsarin da kika zaɓa kuma a ɗaya gefen, da 'yar tazara a tsakani. Ki bar ɗan tsumman da kika tsane fitsarinsa da shi a wurin domin wari ya ja shi. Kada a ɗaure shi da igiya babu kowa a gida, kwikwiyo yana iya shaƙe kansa. Horon zai ɗan ja lokaci fiye da na wanda ake tare da shi yini guda, sai ku rama da yamma da ranakun hutu.

Inna Mai Maguna ta amsa:

'Yar'uwa, ni ta ɓangaren tambayarki ta biyu zan shigo, domin ina taimakawa a irin wannan gida a wani gari. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne rashin tabbas. Yau wani ya kawo buhu uku ya ɗauki hoto ya tafi, sai a yi wata biyu ba a ga kowa ba, alhali dabbobi kullum suke ci. Ƙaramin abin da aka san zai zo duk ƙarshen wata ya fi babban da ba a san ranar zuwansa ba, domin da shi ake iya cewa likita ya zo ranar kaza, ko a karɓi bashin abinci da ƙarfin gwiwa. Ki yanke abin da ba zai gagare ki ba ko a watan da aljihu ya yi sanyi, ki faɗa musu, ki tsaya a kai.

Kafin ki sayi komai ki tambaye su. Sauya wa karnuka abinci farat ɗaya yana sa su gudawa, don haka irin wanda suka saba da shi ya fi wanda ya fi tsada. Idan kina son ki tabbatar inda kuɗinki ya shiga, ki biya kai tsaye a asibitin dabbobin da suke zuwa ko shagon da suke sayen abinci, babu mai gaskiyar da zai ji haushin haka. Akwai kuma abubuwan da ba kuɗi ba: tsofaffin barguna da tawul, bilic, omo, tsintsiya, garin katako, tankar ruwa da rani, da ragowar nama daga mahaucin da kika saba da shi. Ƙofar kejin da kika gani an ɗaure da waya aikin awa ɗaya ne ga mai walda, kuma in kika kai shi kika biya, kin cire musu ƙayar da ta daɗe tana sukar su.

Idan aka tambaye ni inda naira ta fi yin aiki, zan ce a fiɗiye maza da cire wa mata mahaifa, sai allurar haukan kare. Cikin karya kwana 63 ne kacal, takan haifi da yawa a lokaci guda, kuma kwalin da aka tsinci naku a ciki daga irin wannan haihuwar ya fito. Biyan kuɗin aikin karya guda yana rage kwalaye masu zuwa. Ita kuma allura, masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, cutar takan daina yaɗuwa a cikinsu. Ana yawan shirya ta kyauta ko da rangwame a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, kuma masu irin wannan gida kullum suna neman wanda zai taimaka da mota ko ya sanar da maƙwabta.

Ki kuma buɗe ido, domin kyakkyawar niyya kaɗai ba ta riƙe gidan dabbobi. Ki duba ko suna ware marasa lafiya da sababbin zuwa daga sauran, ko akwai littafin da ake rubuta shigowa da fita da allura, ko sun san iyakar adadin da za su iya ɗauka. Ki lura ko suna bincikar wanda ya zo karɓar kare. A Filato wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da akwai babbar kasuwar karnuka a Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke, kuma gidan da yake miƙa kare ga duk wanda ya miƙo hannu bai san inda dabbar za ta ƙare ba. Sannan ki riƙa aika musu hoton naku yana girma. Sukan nuna wa masu shakka cewa karen da aka tsinta a kwata yana horuwa kamar kowane kare, kuma da haka wasu suke samun gida.

Sai dai ki yi hattara da ziyara a yanzu. Har sai kwikwiyonku ya kammala allurarsa, duk ranar da kika je can ki sa takalmin roba da za ki wanke da ruwan bilic ki bar shi a waje, ki sauya tufafi, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa shi ko kwanonsa, domin ƙwayar fabo a tafin takalmi take shiga gida. Shi kuma kada ki kai shi gaishe da 'yan'uwansa sai likita ta ce ya kammala.